Maƙalar Penisilin Da Ta Kwanta Kusan Shekara Goma

'Yan uwa, waɗanda muke da 'ya'ya ko ƙanne masu koyarwa a jami'a mun sha jin kukansu: ba a ƙara wa malami girma sai an ƙirga maƙalun da ya wallafa, wani lokaci har a duba sau nawa wasu masana suka kafa hujja da su. Wannan ƙidaya ba tsohuwa ba ce. Wani Ba'amurke, Eugene Garfield, ya kawo shawararta a 1955, kundinta ya fara fitowa a 1964. Da a ce da wannan ma'auni aka auna Alexander Fleming a 1938, da aikin da duniya ta san shi da shi bai ɗaga masa daraja ba.

Fleming ɗan Sikotlan ne, yana bincike a asibitin St Mary's da ke Landan. A watan Satumba na 1928 ya tarar fumfuna ta tsiro a wani faranti da ya shuka ƙwayoyin cuta, kuma ƙwayoyin da ke kewaye da ita sun narke. Ya sa wa ruwan da fumfunar ke fitarwa suna penisilin, ya wallafa abin da ya gani a 1929 a wata mujallar likitoci ta Birtaniya. Shiru kake ji. Masana kaɗan ne suka waiwaye ta, su ma suka gaji, domin sinadarin yana da wuyar tacewa kuma yana saurin lalacewa. Shi kansa Fleming ya fi amfani da shi wajen ware ƙwayoyin cuta a ɗakin gwaji.

Abin da ya tashe ta wani aikin nasa ne daban. Tun 1922 ya yi rubutu kan wani sinadari da ke cikin hawaye da majina da farin ƙwai mai narkar da wasu ƙwayoyin cuta. Howard Florey, ɗan Ostireliya da ke jami'ar Oksfod, yana bin diddigin wannan sinadari, ya sa Ernst Chain a kai, Bayahuden da ya tsere daga Jamus ta Hitila. Chain yana tonon tsofaffin mujallu a 1938 ya ci karo da maƙalar 1929.

Nan aka sha wuya. Ana cikin yaƙi, kuɗi babu, Norman Heatley ya riƙa renon fumfuna a gwangwanaye da fo na asibiti, ya haɗa na'urar tacewa da tarkace. Ranar 25 ga Mayu 1940 suka sa wa ɓeraye 8 cuta mai kisa, suka yi wa 4 allurar penisilin. Kafin gari ya waye waɗanda ba a yi wa ba sun mutu, sauran suna nan da ransu. A watan Agusta sakamakon ya fito a mujallar Lancet. A Fabrairun 1941 aka gwada shi kan wani ɗan sanda, Albert Alexander, ya fara samun sauƙi, maganin ya yi ƙaranci har ana tace shi daga fitsarinsa a sake ɗura masa. Ya ƙare, mutumin ya rasu a watan Maris.

Amurka ta karɓi aikin sarrafa shi da yawa, kuma a 1945 aka ba Fleming da Florey da Chain kyautar Nobel. A ganinmu an yi wa Heatley ƙwauro, don hannunsa ne ya mayar da takarda magani, amma kyautar ba ta wuce mutum 3. Sai a 1990 Oksfod ta ba shi digirin girmamawa na likitanci.

Akwai kuma wata gajeriyar maƙala ta 1940 da ta fi shafarmu, mu da muke shiga kemis mu sayi kafso 2 na ampisilin mu ce mun warke. Chain da Edward Abraham sun nuna cewa wasu ƙwayoyin cuta suna fitar da sinadarin da ke lalata penisilin, tun kafin maganin ya shiga kasuwa. A jawabinsa na karɓar Nobel, Fleming ya yi kashedin cewa ranar da kowa zai iya sayen penisilin a kanti, mai shan ƙasa da ƙima zai koya wa ƙwayoyin cutar jure masa, sannan ya shafa wa na kusa da shi waɗanda maganin ba ya ci.