Ramin Eriya da Ramukan da Suka Biyo Baya: Tarihin Gyaran Talabijin a Sakkwato

Akwatin talabijin mai ƙusumbi, wanda hotonsa ke fitowa daga babbar kwalba, ya shiga gidajen Sakkwato da rami ɗaya tak a bayansa, wato na eriya. Masu ƙera shi sun ɗauka cewa duk hoton da zai nuna daga tasha zai zo, ta iska. Cikin shekaru kusan 40 da suka biyo baya hoto ya riƙa zuwa ta kaset, ta faifai, ta tauraron ɗan'adam da na'urorin wasan yara, kuma kowane zuwa sai ya tarar da akwatin da ba a yi shi dominsa ba. Babban ɓangare na sana'ar masu gyaran talabijin a birnin ya ginu ne a kan sasanta tsohon akwati da sabon abin kallo.

Talabijin ta fara aiki a Nijeriya a Ibadan a watan Oktoba na 1959, ta iso Arewa da buɗe tashar Kaduna a 1962. Siginar Kaduna ba ta kai Sakkwato, don haka sai a tsakiyar shekarun 1970, lokacin da birnin ya samu tasharsa, akwatin ya zama abin saye. Wannan ya zo daidai da kuɗin Udoji da ma'aikata suka karɓa a 1975, kuma a 1977 aka kafa hukumar NTA wadda ta haɗe tashoshin jihohi. Akwatunan wancan zamani, irin su National da Sanyo da Philips da Sharp, yawancinsu masu hoto baƙi da fari ne, wasu cikin gidan katako mai marfi da ake rufewa da makulli. Tasha kan buɗe da yamma ta rufe da dare, kuma shiri irin Idon Matambayi kan tara yaran unguwa guda a tsakar gida ɗaya. Masu gyaran farko daga gyaran rediyo suka taso, yawanci ta hanyar zama a shagon maigida shekaru, ana koyo da ido da hannu. Kayan aikinsu mita, da dalma, da ƙarfen narka ta, da kuma madubi da ake jinginawa a gaban akwati domin mai aiki a baya ya ga abin da hoton ke yi.

A cikin akwatin, siginar eriya tana fara shiga wani ɗan gwangwani da ake kira tuna, wanda ke zaɓo tasha ɗaya daga cikin abin da eriya ta kamo. Daga nan a ƙara mata ƙarfi, a ware sauti gefe, hoto gefe, sannan a rarraba launi zuwa ja da kore da shuɗi kafin a kai wa kwalba. Tuna kamar zauren gida take: ko baƙon daga maƙwabta yake, sai ya bi ta nan. Kowane mataki na wannan tafiya yana ɗan rage wa hoto kyau, shi ya sa kwalbar ta fi ƙarfin abin da aka saba ba ta.

Gyare-gyaren farko ba su shafi ƙara rami ba, tsarin watsa shirye-shirye suka shafa. Nijeriya ta ɗauki tsarin launi na PAL, mai layi 625, kuma tana ajiye sauti a tazarar megahaz 5.5 daga hoto. Jamhuriyar Nijar, wadda iyakarta ta Illela da Birnin Ƙonni ba ta kai kilomita 100 daga Sakkwato ba, ta bi SECAM irin na ƙasashen renon Faransa, da tazarar 6.5. Akwatin da aka yi wa ɗaya ɓangaren, in ya tsallaka, sai ya nuna hoto ba launi, sauti kuma ya koma shuu. Da tattalin arziki ya karye a tsakiyar shekarun 1980, sabon akwati ya gagari ma'aikaci, sai kasuwa ta koma ga kayan da aka yi amfani da su a Turai, waɗanda ake kira Beljiyam, masu shigowa ta Legas da Kwatano. Na Ingila tazarar sautinsu 6.0 ce, kuma da yawansu zangon UHF kaɗai suke kamawa alhali manyan tashoshin NTA na kan VHF. Maganin sauti mai sauƙi ne ga wanda ya sani: akwai wata 'yar matata mai ƙafa uku, ba ta kai ƙwayar wake ba, an buga lambarta a jiki, a cire mai 6.0 a dasa mai 5.5, a ɗan murɗa wani naɗi, magana ta fito. Tuna kuwa sai a sauya ta ɗungurungum. Na Amurka sun fi wuya, domin wutar bolt 110 suke ci kuma layinsu 525 ne, don haka da yawa sun ƙare a matsayin abin cirar kayan gyara.

Na'urar bidiyo ce ta fara kawo hoton da ba na tasha ba. JVC ya fitar da VHS a 1976, kuma a shekarun 1980 ta bazu a gidajen masu hali, da finafinan Indiya da na Sin. Bayan Turmin Danya, wanda ƙungiyar Tumbin Giwa ta Kano ta fitar a 1990, finafinan Hausa da shagunan hayar kaset suka sa bidiyo ta zama kayan ɗakin amarya. Bidiyo ba ta tayar da hankalin mai tsohon akwati ba, saboda tana ɗauke da 'yar ƙaramar tasha a cikinta: tana mayar da hoton kaset siginar eriya, yawanci a kusa da lamba 36 ta UHF, sai a kamo ta kamar yadda ake kamo NTA. Asarar tana nan, domin an naɗe hoto ne kawai don a sake warware shi, amma kaset ɗin da aka kwafa daga kwafi ba shi da kyan da za a yi wa kuka.

Matsalar ta fito fili da zuwan faifan VCD. An ƙirƙiro shi a 1993, na'urorinsa masu araha daga Sin suka cika kasuwanni daga ƙarshen shekarun 1990, sannan DVD ya biyo. Yawancin waɗannan na'urori ba su da mafitar eriya, sai wayoyi uku: rawaya ta hoto, fara da ja na sauti, abin da kowa ke kira AV. Magidanci ya sayo na'ura ya dawo gida, ya juya akwati, ya rasa inda zai soka. Hanya mafi arha ita ce ɗan akwatin konbata, wanda ke karɓar wayoyin uku ya fitar da siginar eriya. Yana aiki, sai dai launi kan yi jirwaye, sauti ya riƙa gurnani duk lokacin da farin rubutu ya hau hoto.

Ƙwararren mai gyara kan bi wata hanyar. Ya kwance marfin baya, ya hure ƙurar hunturu da ta yi wa fanel bargo, sannan ya bi layin tagulla har inda hoto ya fito daga sashen tuna yana da ƙarfin kusan bolt 1. Nan yake yanke layin da reza. Ɓangaren da ya nufi kwalba ya haɗa shi da tsakiyar wani ɗan makunni, gefe ɗaya na makunnin ya koma wa tuna, ɗayan ya tafi sabon rami, da rizisto mai om 75 da kafasito a tsakani domin siginar ta zauna daidai. Haka zai yi wa layin sauti. Ramukan kansu sau da yawa da bakin ƙarfen dalma mai zafi ake huda su a jikin robar marfi, shi ya sa ake gane aikin hannu da ɗan tudun narkakkiyar roba a kewayen soket. A akwatunan shekarun 1990 aikin ya fi sauƙi, domin kamfanoni kan buga fanel iri ɗaya wa samfuri mai tsada da mai araha, su bar gurbin AV fanko a na arahar. Ƙwaƙwalwar launi irin TDA8362 ta Philips tana da ƙafar karɓar hoto daga waje tun daga masana'anta. Abin da ya rage wa mai gyara shi ne cike guraben, da sanar da akwatin cewa yanzu yana da AV.

Aikin yana da haɗari iri biyu. Kwalbar akwati mai launi tana aiki da wutar da ta kai bolt 25,000, kuma tana riƙe ragowarta bayan an kashe, don haka kafin a taɓa robar da ke manne a bayanta sai an zura sukuddireba mai waya an sauke wutar, a ji ƙarar tas. Na biyun ya fi ɓoyuwa. Akwatuna da yawa masu ramin eriya kaɗai ba a raba fanel ɗinsu da wutar gida ba, saboda masu ƙerawa ba su zaci wani ƙarfe zai leƙo waje ba. In aka dasa soket kai tsaye a irin wannan, wutar gida na iya hawa jikin na'urar faifai, ta ja duk wanda ya taɓa. Wannan ne ma'aunin da ya raba gwani da ɗan koyo: gwani kan auna tukuna, in ya ga fanel mai wuta ne ya sa abin da zai raba su, ko ya gaya wa mai kaya ya haƙura da konbata.

A shekarun 2000 fanel ɗin Sin na gama-gari ya sauya lissafin. Ana sayo shi daga Alaba ta Legas ko Sabon Gari ta Kano, da tuna da filaibak da rimot da ramukan AV duk a haɗe. Maimakon bin layi da reza, sai a kwashe kayan cikin akwatin gaba ɗaya, a bar kwalba da lasifika da gida, a dasa sabo. Gwanintar ta koma daidaita shi da naɗin tagullar da ke wuyan kwalba, domin kada hoto ya tsuke ko ya zarce gefe. Akwati mai sunan Sharp a goshi da kayan Sin a ciki ya zama ruwan dare. Zafin bazara na Sakkwato, wanda kan haura digiri 40 yana tsattsage dalma, da wutar da ke hawa da sauka, sun sa fanel na mutuwa tun kwalba na da sauran shekaru, don haka wannan dashe ya tsawaita rayuwar akwatuna masu yawa.

Abin lura shi ne hanya mafi kyau ta daɗe a gari ba a bi ta ba. Akwatunan Beljiyam da yawa suna da SCART, dogon soket mai ƙafa 21 da Faransa ta wajabta tun 1980, wanda ke iya kai ja da kore da shuɗi daban-daban kusan kai tsaye zuwa kwalba. A nan kuwa, ɗan adafta ake toshe masa a soka wayoyi ukun nan da aka saba, a ci ƙafar hoto mai gauraye kaɗai. Ba jahilci ba ne: hoton VCD ɗigo 352 ne a kwance da 288 a tsaye, kuma babu ramin da zai ƙara masa abin da ba shi da shi. A Amurka, inda SCART bai samu shiga ba, masu sha'awar tsofaffin wasannin bidiyo a yau suna buɗe akwatunan Sony Trinitron su shigar da launukan uku ta ƙafafun da ke zana rubutun lambar tasha da ƙarfin murya a kan hoto. Dabara ɗaya ce da ta reza da makunni, sai dai su kaifin hoto suke nema, mai gyaran Sakkwato kuwa hoto ya fito kawai ake biyansa.

Dikoda ce ta ci gajiyar ramukan ƙarshe. DStv da dikodojin Strong na tashoshin kyauta, da StarTimes da ya shigo da haɗin gwiwar NTA a 2010, da GOtv a 2011, duk suna da mafitar AV, don haka ramin da aka huda don faifai shi ya kawo ƙwallon Turai da Arewa24, wadda ta fara a 2014. Yarjejeniyar Janiba ta 2006 ta sa 17 ga Yuni 2015 a matsayin wa'adin komawa tsarin dijital. Nijeriya ba ta cika ba, sai a Afrilun 2016 aka fara da Jos. Ma'anar sauyin ga tsohon akwati ita ce tuna ta zama ba ta da aiki, dikoda ta karɓi matsayinta. Shagunan wasan PlayStation 2 ma sun riƙe shi tsawon lokaci, saboda yana da arha, yana jure bugu, kuma hotonsa ba ya jinkiri bayan an danna. Da na'urori masu HDMI kaɗai suka fito, sai wani ɗan konbata ya sake bayyana, mai sauke hoton dijital zuwa waya rawaya.

Abin da ya ture akwatin daga ƙarshe farashi ne da wuta. Cinikin talabijin shafaffe, wanda a kasuwa ake kira filasma ko da ba shi ba ne, ya zarce na mai kwalba a duniya a ƙarshen 2007, Sony ya daina ƙera Trinitron a 2008, daga baya kuma sababbin kwalabe suka yanke. Shafaffen yana cin wuta kaɗan, abin da ke da muhimmanci ga mai ƙaramin janareta ko sola. Masu gyara suka koma sauya fitilun bayan gilashi da fanel ɗin wuta, matasansu kuma suka tafi gyaran waya. Akwatunan da suka rage suna gangarawa ƙauyuka da shagunan masu shayi, waɗanda suka mutu kuma 'yan gwangwan na sayensu don tagullar wuyan kwalba, su bar gilashin, wanda ke ɗauke da dalma mai guba kuma babu mai sayensa.