Injin tururi

injin tururi (suna, namiji, jam'i: injinan tururi) Inji mai aiki da ƙarfin ruwan da ya tafasa. Ana hura wutar kwal ko itace a ƙarƙashin wata rufaffiyar tukunyar ƙarfe. Tururin da ya rasa mafita sai ya bi bututu ya tura fistin gaba da baya, sandar fistin kuma ta juya ƙafafun jirgi. Duk wadda ta taɓa ganin murfin tukunya yana rawa a kan murhu ta ga asalin abin.

Irinsa ne ya ja jirgin ƙasan da ya fara isa Kano daga Baro a 1911. Ruwa yake sha ba kaɗan ba, shi ya sa aka riƙa kafa tankuna a tashoshi. Daga baya kan jirgi mai dizal ya ture shi.

Wani kan jirgi mai injin tururi na layin Wushishi, na 1901, yana ajiye a tashar Minna. Tsatsa ce babbar abokiyar gabarsa, maganinta fenti, mai da rumfa.

*Misali:* "Kaka, da gaske kin hau jirgi mai injin tururi?" "Ƙwarai, jikalle. Na dawo gida mayafina duk baƙin hayaƙi."