Dashen Kwalba: Abin da Manomin Dabino Ya Kamata Ya Sani

A ƙasar Bici gona ta yi ƙaranci, kowane taku na ƙasa yana da amfaninsa. Idan ka shuka ƙwallon dabino, sai ka jira shekara 5 ko fiye kafin ya yi fure ka gane namiji ne ko mace. Kusan rabin abin da ya tsiro maza ne, ba sa 'ya'ya, matan kuma ba lallai su gaji zaƙin uwarsu ba. Dashen kwalba na cikin hanyoyin kauce wa wannan asara.

Mene ne dashen kwalba?

Hanya ce ta hayayyafa shuka a ɗakin gwaje-gwaje ba tare da iri ba. Ana yanko ɗan toho daga uwa mai kyau, a rene shi a kwalba har ya zama tsirrai masu yawa, kowanne tamkar uwar. Da ita ake yawaita furen wardi, har da na daji wanda irinsa ke daɗewa bai tsiro ba. A Najeriya, cibiyar IITA ta Ibadan na amfani da ita kan ayaba, doya da rogo, Cibiyar Bincike ta Jigawa da ke Kazaure kuma ta yi aiki da ita kan rake da dabino.

Yadda ake yi

1. Ana wanke tohon da maganin kashe ƙwayoyin cuta.
2. Ana ɗora shi kan wani abinci mai kama da kamu, mai ɗauke da sukari, gishirin taki da sinadaran girma. Wanda aka fi amfani da shi Murashige da Skoog ne suka haɗa a 1962. Sai an turara shi a zafin digiri 121 tukuna.
3. Idan ya yi 'ya'ya, a rarraba su a sababbin kwalabe, a maimaita.
4. A sauya sinadari don su yi saiwa.
5. A fitar da su, a saba musu da iska da rana sannu a hankali.

Dabino ba ya sauri: aikin kan ɗauki shekara 2 ko fiye, shi ya sa dashensa ke da tsada.

To, ina ribarka?

Tun ranar dashe ka san mace ka saka, ka kuma san irinta. Da kulawa mai kyau takan fara 'ya'ya cikin shekara 4 zuwa 5. 'Ya'yan gindin uwa ma suna gadon ta, sai dai kaɗan take bayarwa, kuma sukan ɗauko ƙwari daga tsohuwar gona.

Kafin ka biya kuɗi

• Tambayi sunan irin da ɗakin da ya fito, a rubuta maka a rasit. Wani lokaci dashe kan bauɗe wa kamannin uwa, kuma ba ka ganewa sai bayan shekaru.
• Kada ka karɓi tsiron da bai gama sabawa da waje ba. Nemi wanda ya kama ƙasa a leda, mai ganye da saiwa masu ƙarfi.
• Fitowa da tsabta fa ba rigakafi ba ne. Gara da cuta na iya kama shi a gonarka.
• Kada ka manta da namiji. Ɗaya kan ishi mata kusan 50 idan da hannu ake sa musu garin furensa.

Bayan dashe

Bar tazarar mita 8 zuwa 10, ka ci gaba da noma gyaɗa ko wake a tsakani. Yi wa kowanne rumfar kara saboda rana da iskar hunturu, ka kewaye shi da ƙaya saboda awaki. Ban ruwa kada ya yanke a rani biyun farko, kuma kada ƙasa ta rufe zuciyar tsiron.

Ga ƙungiyoyi: ku haɗa kuɗi ku saya a dunƙule, ku yi rumfar reno ɗaya kusa da rijiya, ku nemi malamin gona na KNARDA ya duba dashen kafin a raba wa mambobi.