Ƙuri'ar Yanke Ƙauna a Majalisar Dokokin Nijar: Daga Taron Ƙasa Zuwa Tazarce

Ɗalibin da ya saba da tsarin mulkin Nijeriya yakan yi mamaki idan ya ji an ce majalisa ta kayar da gwamnati a Jamhuriyar Nijar, alhali kuwa shugaban ƙasa yana nan zaune a fadarsa. A Nijeriya, majalisar tarayya tana da ikon kiran minista ya yi bayani, da gudanar da bincike bisa sashe na 88 da na 89 na kundin tsarin mulkin 1999, da kuma tsige shugaban ƙasa ta doguwar hanya mai wuyar bi. Amma ba ta da ikon sallamar ministoci gaba ɗaya da ƙuri'a guda. Nijar kuwa ta ɗauko salonta ne daga tsarin mulkin Faransa na 1958, inda ɓangaren zartarwa yake da kai biyu: shugaban ƙasa wanda jama'a suka zaɓa, da firaminista wanda yake jagorantar gwamnati, kuma rayuwar gwamnatin tasa tana hannun 'yan majalisa.

A irin wannan tsari, ɗan majalisa yana iya aika wa minista tambaya a rubuce, ko ya yi masa ita baki da baki a zauren majalisa. Majalisa tana iya kiran gwamnati ta kare kanta a kan wani lamari da ya taso, tana iya kafa kwamitin bincike, tana kuma tantance kasafin kuɗi. Makami mafi kaifi shi ne ƙuri'ar yanke ƙauna, wadda wasu ke kira ƙuri'ar rashin amincewa. Wasu 'yan majalisa su sa hannu a kan takarda, a jira kwana biyu don zukata su huce, a tafka muhawara, sannan a kaɗa ƙuri'a. Idan fiye da rabin dukkan 'yan majalisar suka amince, tilas firaminista ya miƙa takardar murabus ɗin gwamnatinsa. Sai dai shi ma shugaban ƙasa ba a bar shi hannu rabbana ba, domin yana da ikon rushe majalisar ya kira sabon zaɓe. Tarihin siyasar Nijar tun daga 1993 ya rataya ne a kan yadda waɗannan makamai biyu suka riƙa karo da juna.

Kafin wannan lokaci babu wani abin kirki da za a faɗa game da sa ido a kan gwamnati. Daga samun 'yancin kai a 1960 har zuwa 1974, jam'iyyar PPN-RDA ta Shugaba Diori Hamani ce kaɗai a majalisa, bayan an haramta Sawaba ta Jibo Bakari tun 1959, kuma Bubu Hama ya riƙe shugabancin majalisar duk tsawon zamanin. Da Seini Kunce ya yi juyin mulki a watan Afrilun 1974 sai ya rufe ta baki ɗaya. Wadda Ali Shaibu ya farfaɗo da ita a 1989 ma ta jam'iyya ɗaya ce, wato MNSD. Babban Taron Ƙasa da aka yi a Yamai daga ƙarshen Yuli zuwa farkon Nuwamban 1991, ƙarƙashin jagorancin Farfesa Andre Salifu, shi ne ya buɗe ƙofa, kuma kundin tsarin mulkin da jama'a suka amince da shi a Disamban 1992 ya ba majalisa haƙoran cizo a karon farko.

Zaman 'yan marina

Zaɓen 1993 ya ba da nasara ga ƙawancen jam'iyyun da suka haɗa kai don raba MNSD-Nasara da mulki, wanda jama'a suka fi sani da 'yan canji. Sun sami kujeru 50 daga cikin 83. Mahamman Usman na CDS-Rahama ya zama shugaban ƙasa, Mahamadu Isufu na PNDS-Tarayya ya zama firaminista, Mumuni Adamu Jarmakoye na ANDP-Zaman Lahiya ya hau kujerar shugaban majalisa. (Mai nazarin harshe zai lura da cewa kowace jam'iyya tana da suna na Faransanci a gajarce, sannan da laƙabi na Hausa wanda shi ne talaka yake riƙewa, har da "lahiya" irin ta karin harshen yamma.)

Abin da ya haɗa waɗannan jam'iyyu ƙin MNSD ne kawai, saboda haka ƙawancen bai yi ƙarko ba. A watan Satumban 1994 shugaban ƙasa ya fitar da wata doka da ta rage ikon firaminista. Isufu ya yi murabus, jam'iyyarsa ta fice ta haɗe da MNSD, rinjaye ya koma hannun 'yan adawa dare ɗaya. Shugaba Usman ya naɗa Sule Abdullahi na jam'iyyarsa, amma bai cika makonni uku ba majalisa ta kayar da shi a ranar 16 ga Oktoba. Washegari shugaban ya rushe majalisar.

Zaɓen Janairun 1995 bai ba shi abin da yake so ba, domin 'yan adawa sun dawo da kujeru 43. Sun gabatar masa da Hama Amadu, babban sakataren MNSD, a matsayin wanda suke so ya zama firaminista. Shi kuwa sai ya yi dabara ya naɗa Amadu Sise, wanda shi ma ɗan MNSD ne amma ba zaɓin jam'iyyar ba, da fatan zai raba kansu. Dabarar ba ta ci ba. Jam'iyyar ta kori Sise, majalisa ta kayar da shi a ranar 20 ga Fabrairu, ya zama gwamnati ta biyu da ta faɗi cikin watanni huɗu. Ba yadda shugaban ya iya, ya naɗa Hama Amadu, Isufu kuma ya zama shugaban majalisa.

Ya kamata a lura da abin da aka kayar da waɗannan gwamnatoci a kansa. Ba wani ɗan majalisa da zai iya cewa Sise ya yi kuskure a manufofin ilimi ko na noma, tunda mutumin bai yi mako biyu a ofis ba. Ƙuri'ar ta kasance hanyar nuna wa shugaban ƙasa wanda yake da rinjaye, ba hanyar tuhumar gwamnati a kan aikinta ba. A daidai wannan lokaci ƙasar tana cikin halin da ya cancanci tambayoyi masu zafi: an karya darajar kuɗin sefa da rabi a Janairun 1994, ma'aikata suna bin bashin albashi na watanni, makarantu suna fama da yajin aiki, ga tawayen Abzinawa a arewa wanda sai a Afrilun 1995 aka sa hannu a kan yarjejeniyar kawo ƙarshensa. Maimakon haka sai shekarar 1995 ta ƙare a jayayya tsakanin shugaban ƙasa da firaminista a kan wanda yake da ikon naɗa shugabannin kamfanonin gwamnati, da wanda zai tsara abin da taron ministoci zai tattauna. Aka yi ta zaman 'yan marina, kowa da inda ya sa gabansa. Kundin tsarin mulki ya hana a sake rushe majalisa kafin shekara ta zagayo, kuma lokacin da wa'adin ya cika, ana ta raɗe-raɗin shugaban zai sake rushe ta, sai Kanar Ibrahim Ba'are Mainasara ya kifar da su duka a ranar 27 ga Janairun 1996.

Ba'are ya kawo tsari irin na shugaba mai cikakken iko, manyan jam'iyyun adawa suka ƙaurace wa zaɓen majalisa na wannan shekara. Bayan kashe shi a ranar 9 ga Afrilun 1999, gwamnatin Manjo Dauda Malam Wanke ta maido da tsarin kai biyu, amma da gyara guda da aka koyo daga rikicin Sise: shugaban ƙasa zai zaɓi firaminista ne daga cikin sunaye uku da masu rinjaye a majalisa suka miƙa masa.

Faɗuwar Hama Amadu

Tanja Mamadu ya hau mulki a Disamban 1999, Hama Amadu ya dawo firaminista, kuma abin mamaki, tsohon abokin hamayyarsa Mahamman Usman ya zama shugaban majalisa bayan CDS ta ƙulla ƙawance da MNSD. Wannan ƙawance ya ba ƙasar kwanciyar hankali na shekaru, amma ya kuma dusashe kaifin majalisa. 'Yan adawa ƙarƙashin Isufu sun riƙa shigar da takardun yanke ƙauna, ana kayar da su. Misali mafi bayyana shi ne na 2005. Majalisa ta amince da kasafin kuɗin da ya ɗora harajin kashi 19 cikin ɗari a kan kayan masarufi irin su fulawa da madara da sukari, har da ruwa da lantarki, a shekarar da fari da fara suka jefa karkara cikin yunwa. Ba a zauren majalisa aka tanƙwara gwamnati ba. Ƙungiyoyin farar hula masu yaƙi da tsadar rayuwa ne suka cika titunan Yamai a watan Maris, suka sa aka rufe kasuwanni a manyan garuruwa, aka kama shugabanninsu, daga baya gwamnati ta janye mafi yawan harajin.

Abin da ya canza lissafi shi ne badaƙalar ma'aikatar ilimin firamare da yaƙi da jahilci, wadda aka fi sani da MEBA. Binciken da aka yi a kan kuɗaɗen da ƙasashe masu ba da agaji suka zuba don gina azuzuwa da sayen kayan karatu ya gano an yi aringizo da almundahana a kwangiloli. A 2006 majalisa ta amince a gurfanar da ministoci biyu da suka riƙe ma'aikatar, Ari Ibrahim da Haruna Hamani, a gaban babbar kotun da ke shari'ar manyan jami'an gwamnati, aka kuma tsare su. 'Yan adawa suka ce maganar ba ta tsaya nan ba, suka zargi gwamnati da yi wa binciken ƙafar ungulu don kada ya kai ga firaminista.

A lissafin kujeru, takardar da suka shigar a watan Mayun 2007 ba ta da alamar nasara. Bayan zaɓen 2004 majalisa tana da kujeru 113, 'yan adawa suna da 25, masu goyon bayan gwamnati suna da 88. Ana buƙatar ƙuri'u 57. Da aka ƙidaya a ranar 31 ga Mayu sai aka sami 62. Ke nan aƙalla mutum 37 daga ɓangaren gwamnati sun juya wa firaministansu baya. Hama Amadu ya amince da sakamakon, ya sauka bayan shekara bakwai da 'yan watanni a kan kujera, kuma cikin kwanaki uku Tanja ya zaɓi Seini Umaru daga jerin sunaye ukun da aka kai masa. Ba soja ko ɗaya da ya fito daga bariki.

Wannan ne karo ɗaya da za a iya cewa an kayar da gwamnati a Nijar a kan wani lamari takamaimai da ya shafi dukiyar jama'a, kuma ya cancanci a ba shi matsayinsa. Duk da haka masu bibiyar siyasar ƙasar da yawa sun karanta shi ta wata fuska. Wa'adin Tanja na biyu kuma na ƙarshe zai ƙare a 2009, Hama shi ne shugaban MNSD kuma wanda ake ganin zai gaje shi, don haka akwai waɗanda faɗuwarsa ta yi wa daɗi a cikin gida. Abin da ya biyo baya ya ƙarfafa wannan zato. A Yunin 2008 majalisar ta amince a tuhume shi a kan sefa miliyan 100 na asusun tallafa wa kafofin watsa labarai, aka kai shi gidan kurkukun Kutukale.

Kafin ƙarshen wannan shekara aka fara gangamin tazarce. Kalmar ta samo asali ne daga "ta zarce", kuma 'yan Nijeriya sun san ta tun zamanin Janar Sani Abacha. Kundin 1999 ya hana a taɓa sashen da ya iyakance wa'adin shugaba, kuma Tanja ba shi da rinjayen da zai bi ta majalisa, musamman da yake shugabanta Mahamman Usman bai goyi baya ba. A ranar 25 ga Mayun 2009 kotun tsarin mulki, ƙarƙashin Salifu Fatimata Bazai, ta ba da ra'ayin cewa ƙuri'ar raba gardamar da yake shirin yi ta saɓa wa doka. Washegari ya rushe majalisa. Hikimar abin a fili take: 'yan majalisa ne kaɗai ke da ikon tuhumar shugaba da cin amanar ƙasa, kuma daga cikinsu ake zaɓen alƙalan kotun da za ta yi masa shari'a. A ƙarshen Yuni ya rushe kotun tsarin mulkin ita ma, aka yi ƙuri'ar a ranar 4 ga Agusta, sojoji ƙarƙashin Salu Jibo suka kifar da shi a ranar 18 ga Fabrairun 2010.

A jamhuriya ta bakwai, wadda ta fara da kundin Nuwamban 2010, makamin ya koma kube. Birji Rafini ya yi shekara goma cur yana firaminista a ƙarƙashin Shugaba Isufu, duk yunƙurin kayar da shi ya ci tura, ko bayan da Hama Amadu, wanda a lokacin shi ne shugaban majalisa, ya raba gari da gwamnati a 2013. Badaƙalar sayen makamai a ma'aikatar tsaro da ta fito fili a 2020 ta fito ne daga binciken cikin gida na gwamnati da rahotannin 'yan jarida. A Afrilun 2022, zamanin Shugaba Muhammad Bazum, an kai wa majalisa maganar da ta fi kowace zafi a bakin jama'a, wato karɓar sojojin Faransa da na Turai da aka kora daga Mali. An yi muhawara ta tsawon yini, 'yan adawa suka faɗi albarkacin bakinsu, aka amince da ƙuri'u 131 a kan 31. Wata goma sha biyar bayan haka, a ranar 26 ga Yulin 2023, sojojin fadar shugaban ƙasa ƙarƙashin Janar Abdurrahman Tiani suka dakatar da kundin tsarin mulki tare da majalisar, kuma kafin shekarar ta ƙare sojojin Faransa sun fice. A 2025 aka rushe jam'iyyun siyasa, aka kafa majalisar tuntuɓa wadda aikinta ba da shawara ne, ba ta da ikon sauke minista.