Vytautas: Sunan da Ya Kwanta Ya Sake Tashi

A ƙasar Lituwaniya, can gaɓar Tekun Baltik, da wuya a shiga unguwa ba a tarar da dattijo mai suna Vytautas ba. Sunan ya girmi zuwan Kiristanci ƙasar. Gaɓa biyu gare shi, kamar yawancin sunayen sarakunansu na dauri. Ta ƙarshe, "tauta", babu gardama a kanta: jama'a ke nan, ko al'umma. Ta farko ce masana harshe suka rabu a kai. Wasu sun ce daga "vyti" take, wato kora, sai ma'anar ta zama mai kora jama'a gaba, kamar makiyayi da garkensa. Wasu kuma sun danganta ta da tushen kalmar gani, wato mai duban jama'a.

Wanda ya ɗaukaka sunan shi ne Vytautas ɗan Kęstutis, da aka haifa wajen shekara ta 1350. A 1382 ɗan baffansa Jogaila ya tsare shi tare da mahaifinsa a gidan yari na Krėva. Uban ya mutu a can, shi kuwa ya sulale cikin tufafin mata, ya fake wurin mayaƙan addini na Jamusawa, abokan gaban gidansu. A 1383 suka yi masa baftisma, suka raɗa masa Wigand. Da ya shirya da Jogaila, aka sake yi masa wata a Krakow a 1386, da sunan Alekzanda. Abin mamaki, ko ɗaya daga cikin sunayen nan bai kama bakin mutane ba. Takardun fada na rubuta Alekzanda, amma da sunan yanka tarihi ya riƙe shi.

Daga 1392 ya riƙe mulkin da ya kai har kusa da Bahar Aswad. A 1410 shi da Jogaila suka karya mayaƙan Jamusawan nan a yaƙin Grunwald. Shi ne kuma ya zaunar da Tatar Musulmi a kewayen Trakai da Vilnius, inda zuriyarsu take har yau. Ya rasu a 1430, kambin sarautar da aka aiko masa bai iso ba.

Bayansa sunan ya yi barci. Limaman coci sun fi son sunayen waliyyai, sai Jonas da Petras suka cika ƙauyuka. A Folan ne ya wanzu da siffar Witold.

Farkawarsa aikin siyasa ne. Daga 1864 zuwa 1904 daular Rasha ta hana buga harshen Lituwaniya da baƙaƙen boko, sai masu kishin ƙasa suka koma ga sunayen kakanni suna raɗa wa ƴaƴansu. A 1930, cikar shekara 500 da rasuwarsa, aka sa wa jami'ar Kaunas sunansa, aka kuma aza harsashin masallacin bulo a birnin don tunawa da shi. Yaran da aka haifa a shekarun nan da yawa sun tashi da sunan. Ɗaya daga cikinsu, Vytautas Landsbergis, haihuwar 1932, malamin kiɗa ne, kuma shi ya shugabanci majalisar da ta yi shelar ɓallewa daga Tarayyar Sobiyet ranar 11 ga Maris 1990.