Sola a Rufin Gida: Nazarin Riba da Asara ga Magidanta a Arewacin Nijeriya

Tsakure: Maƙalar ta duba ko kuɗin da magidanci ke zubawa wajen haɗa sola yana dawowa. Matsayarta ita ce da janareta ya kamata a auna sola, kuma batir ne ke yanke hukuncin riba ko asara.

A Jamus, tun daga dokar makamashi ta 2000, mai gida yana sayar wa babban layi rarar wutar da rufinsa ya samar, don haka lissafinsa ya dogara ne a kan farashin mita. Wannan ma'auni bai dace da Kano ko Katsina ba. Abin da babban layin Nijeriya ke rabawa yakan tsaya tsakanin megawat 4,000 zuwa 5,000, ga al'ummar da ta haura miliyan 200, kuma a Oktoban 2024 yawancin jihohin Arewa sun kwashe kwanaki cikin duhu bayan lalacewar manyan layukan da ke kawo musu wuta. Gidan da ke cikin wannan hali da fetur yake cike giɓi. Bayan cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayu, 2023, litar da ake saya ƙasa da naira 200 ta kai naira 1,000 kafin ƙarshen 2024. Ƙaramin janareta kuwa da wuya ya fitar da kilowat-awa 2 daga lita guda, wato a farashin ƙarshen 2024 kowace kilowat-awa ta ci naira 500 ko fiye, ban da baƙin mai da kuɗin gyara. Ko naira 225 a kan kowace kilowat-awa da hukumar kula da lantarki ta NERC ta yanka wa masu shan wutar babban layi na rukunin A a Afrilun 2024, wadda aka yi ta kuka da ita, ba ta kai rabin wannan ba.

Faifan sola kansa ba shi ne matsala ba. Farashinsa a duniya ya faɗi da kusan kashi 90 cikin ɗari tsakanin 2010 da 2020, kamfanoni na ba shi garantin shekara 25, sannan hasken da ke sauka a Arewa ya haura kilowat-awa 5 a kan kowace murabba'in mita a rana. Inda gizo ke saƙar shi ne ajiyar wutar dare. Batirin ruwa, wanda yawancin gidaje ke saya saboda sauƙin kuɗi, ba ya jure zafi, kuma idan ana zuƙe shi ƙarƙaf kowane dare yakan mutu cikin shekara 2 zuwa 3. Mai gidan da ya jera batura a lungun da iska ba ta ratsawa, ya jona musu firji da dutsen guga har asuba, zai sake sayen su sau da dama kafin faifan ya tsufa, kuma a nan ribar ke zurarewa. Batirin litiyom ya fi tsada a farko, amma yana iya kai wa shekara 10. Abin da ya fi duka araha shi ne mayar da aiki mai nauyi zuwa tsakar rana: a tura ruwa tanki, a yi guga, a bar firji ya ƙanƙare kafin la'asar, sai dare ya rage fanka da fitilu kawai.

Masu suka na cewa ƙurar hunturu da zafin bazara suna rage ƙarfin faifai. Haka ne, domin kowane digiri sama da 25 yana cin kusan kashi 0.4 cikin ɗari na abin da faifan ke bayarwa. Sai dai maganin yana hannu: a bar tazara tsakanin faifan da kwanon rufi, a riƙa wanke faifan da sassafe. Sukar da ta fi nauyi ita ce ta kuɗin farko. Kusan dukkan kayan daga waje ake shigo da su, kuma faɗuwar naira tun Yunin 2023 ta cinye wani ɓangare na arahar da duniya ta samu. Wannan abin damuwa ne ƙwarai, domin gidan da ya fi jin jiki da sayen fetur lita-lita shi ne wanda ba zai iya tara kuɗin inbata da batir a lokaci guda ba. Ga irin wannan gida, ƙaramin tsari na biya sannu-sannu, mai ɗaukar fitilu da fanka da cajin waya, ya fi babban haɗin da aka ciyo bashi mai ruwa don a kafa shi.