Kaliningrad: yankin Rasha da ya gaji tarihin Jamus

Kaliningrad jaha ce ta ƙasar Rasha a bakin tekun Baltik, amma ba ta haɗa iyaka da sauran ƙasar ba. Polonya ce a kudancinta, Lituwaniya a arewa da gabas, dukansu kuwa mambobin Tarayyar Turai ne da ƙungiyar tsaro ta OTAN. Faɗinta kimanin murabba'in kilomita 15.000 ne, bai kai rabin jahar Maradi ba. Mutanenta sun kai miliyan ɗaya, kusan rabinsu a babban birnin da shi ma ake kira Kaliningrad.

Kafin 1946 sunan birnin Königsberg. Wata rundunar mayaƙan Kirista na Jamus ce ta kafa shi a 1255, daga baya ya zama cibiyar Gabashin Purusiya. A nan aka naɗa sarkin Purusiya na farko a 1701, a nan ne kuma masanin falsafa Immanuel Kant ya rayu daga 1724 zuwa 1804. Yaƙin duniya na biyu ya kawo ƙarshen wannan zamani: jiragen Ingila sun ƙone tsakiyar birnin a watan Agusta 1944, sojojin Tarayyar Sobiyet suka ƙwace shi ranar 9 ga Afrilu 1945, taron Potsdam kuma ya danƙa musu yankin. Jamusawan da suka rage an kwashe su zuwa Jamus a 1947 da 1948, aka kawo mutane daga Rasha, Belarus da Ukren suka zauna a gidajensu.

Saboda haka gadon Jamus a Kaliningrad na gine-gine ne da sunaye. Babu wata al'ummar Jamusawa mai ƙarfi da ke neman komawa ƙarƙashin Berlin, kuma Jamus da kanta ta yafe duk wani iƙirari a yarjejeniyar 1990 da ta ba ta damar haɗewa. Masu hasashen cewa yankin zai koma hannunta suna mantawa da wannan.

Duk da haka hukumomi ba su taɓa samun natsuwa da tarihin ba. A 1968 aka rushe abin da ya rage na fadar sarakuna, aka soma wani ƙaton ginin gwamnati kusa da wurin, wanda ba a taɓa gamawa ba har aka fara rushe shi a 2023. Bayan faɗuwar Sobiyet iska ta juya: aka gyara babbar majami'ar da kabarin Kant ke jikinta, a 2005 kuma aka sa wa jami'ar birnin sunansa, Vladimir Putin da Gerhard Schröder suna wurin bikin. Zumuncin bai daɗe ba. A 2018, da ake zaɓen sabon suna ga filin jirgin sama, Kant na kan gaba sai aka watsa wa mutum-mutuminsa fenti, wani babban hafsan sojan ruwa ya kira shi maci amana, sunan ya tafi ga sarauniyar Rasha Elizabet. Ƙaramin ofishin jakadancin Jamus ma an rufe shi a 2023.

Makomar siyasar yankin a hannun Mosko take, domin sansanin soja ne kafin komai. Rundunar ruwan Rasha ta Baltik tana Baltiysk, an kuma girke makamai masu linzami samfurin Iskander. Tun da Finlan ta shiga OTAN a 2023 da Suwidin a 2024, ƙasashen ƙungiyar sun kusa kewaye tekun baki ɗaya, darajar sansanin ta ƙaru ga Rasha.

Abin da ya fi damun mazauna shi ne hanya. Daga 2012 zuwa 2016 suna shiga garuruwan Polonya na kusa ba tare da biza ba, yau wannan sauƙi ya ƙare. A watan Yuni 2022 Lituwaniya ta hana wucewar kayan da takunkumi ya shafa, sai da Tarayyar Turai ta sassauta wa jirgin ƙasa a wata mai zuwa. Tun Fabrairu 2025, da ƙasashen Baltik suka fice daga layin lantarkin Rasha, jahar ta dogara da tashoshinta kaɗai.